Kofi Mai Jan Ɗigo

Ƙanwata Halijah ce ta fara jefa maganar a guruf ɗin dangi, ranar Talata da hantsi, tsakanin hoton jaririn wani da addu'ar safiyar da ake ta turo wa juna. Ta rubuta: "Na ji an ce Basinen nan na Mastura ya ƙi musulunta, shi ya sa mutanensa suka fasa zuwa. Kuma wai yanzu rawa suke yi tare a gaban jama'a, kanta ba ɗankwali, yana rungumarta, suna zagin Malayawa. Ni dai ban ce komai ba."

Duk wanda ya san Halijah ya san idan ta ce ba ta ce komai ba, to ta gama faɗa.

Kafin azahar wayata ta yi zafi. Wannan ya turo innalillahi, waccan ta turo fuska mai kuka, wani ɗan ɗan'uwana da ko sallar idi sai an tashe shi ya turo wa'azi mai tsawo. Daga ƙarshe Halijah ta kira sunana: "Yaya Zabedah, ke ce kika raine ta, me kika ce?"

Masu karatu, kun saba 'yan mata ne ke ba ku labarin soyayya a shafin nan. Yau tsohuwa ce. Na haura saba'in, na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a nan Ipoh, kuma abu ɗaya da na dinga dasa wa ɗalibaina shi ne: idan aka ce miki "an ce", ki tambaya wa ya ce, wa ya gani. Soyayyar da zan ba ku ta jikata ce. Kunyar da ke ciki tawa ce.

Mastura 'yar marigayiya 'yata ce. A hannuna ta tashi tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Da ta ce za ta tafi Kuala Lumpur karatun rawa da wasan dandamali, dangi suka taso mini kamar na sayar da ita. Ni na tsaya mata. Ta dawo Ipoh ta shiga wata ƙungiya mai irin wasan zamanin nan da ba a gane rawa ce ko waƙa ko kuka: a motsa jiki, a tsaya, a faɗi baiti, a kwanta a ƙasa. Ban taɓa zuwa kallo ba, amma duk inda aka taɓa ta sai in ce: "Kun gani da idonku?"

Wata biyu da suka wuce ta same ni a kicin ina yanka albasa. Opah take kirana, wato kaka a bakinmu.

"Opah, akwai wani."

"Na sani. Tun kafin azumi kike yi wa waya murmushi kamar wadda aka biya wa Makka."

"Sunansa Wen Kang. Ma Wen Kang. Tare muke wasa."

Wuƙar ta tsaya a hannuna, amma ban bari fuskata ta nuna ba. A raina na ce, Zabedah, ga ranar jarrabawarki. Shekara da shekaru kina gaya wa 'ya'yan Malayawa da na Sinawa da na Indiyawa cewa ƙasar nan ta kowa ce, yau an kawo miki maganar har kicin.

"Opah, amma ki saurara, shi ai..."

"Ba sai kin faɗa ba," na tare ta. "Ni ba Halijah ba ce. Ba zan tambaye ki abin da yake ci ko abin da yake bauta wa ba. Kin san dokar aure a ƙasar nan, ba a ɗaura wa Musulma da wanda ba Musulmi ba, shi ma ya santa. Ku shirya tsakaninku. Ki kawo mini shi in ga ko yana da hankali."

Ta buɗe baki, ta rufe, ta yi 'yar dariya. "To, Opah. Tunda kin sani."

Na kwana ina jin daɗin kaina. Ku riƙe wannan.

Ya zo ranar Asabar kafin la'asar, cikin rigar batik mai dogon hannu ruwan ƙasa, da wando baƙi da aka goge har yana yankan ido. Dogo, siriri, kunnuwa a buɗe kamar na ƙaramin yaro. Ya cire takalmi a ƙofa ya jera su, ya rusuna, ya ɗora hannu a ƙirji. A raina na ce, an koya masa da kyau. Ya riƙo babban lemon garin Tambun guda biyu a leda. Malayancinsa kuwa irin na bakin kogin Perak, har da jan baƙin nan namu.

"Kai, wa ya koya maka magana haka?"

"A gida, Opah."

"A gida! Ka ji yaro da ladabi." Na ɗauka yana nufin gidan maƙwabta.

Na shiga na haɗo shayi da kuih, wainarmu mai zaƙi mai hawa-hawa, da na kwana ina turarawa. Na jera kofuna a faranti, na zuba wa kowa nasa. Ya karɓa da hannu biyu. Muka yi hira mai daɗi, na ba shi labarin ma'aikatan kuza na zamanin da, ya saurara kamar bai taɓa ji ba. Da aka kira la'asar ya ce zai ɗan duba motarsa. Ya jima, ya dawo gaban gashinsa a jiƙe. Na ce a raina, zafin garin nan ba ya barin kowa.

Da za su tafi ya ce iyayensa na son zuwa tambaya ƙarshen wata, zuwan nan na farko da muke kira merisik. Na ce ƙofa a buɗe take. Na sa aka wanke labule, na kai sabon yadi wajen tela.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce. Ba wanda ya zo.

Na rubuta wa Mastura: "Ina baƙina?"

"An ɗan ɗaga, Opah."

"Zuwa yaushe?"

"Zan gaya miki. Bita ta yi mana yawa."

Ta daina zuwa kwanan ƙarshen mako. Sau ɗaya ta leƙo ina barcin rana, na ji motsinta a kicin, kafin in sauko ta tafi. Idan na kira sai ta ce tana cikin mutane. Ana haka maganar Halijah ta faɗo.

Ban ba guruf amsa ba. Na nemo sanarwar wasan, na ga za a yi na rana ranar Lahadi a cikin tsohon gari. Na ce zan je in gani da idona, in dawo in wanke jikata tas, in rufe bakin Halijah rufewar da ba za ta manta ba. Maganar gaskiya, har na shirya kalmomin da zan rubuta.

Na sa baju kurung ɗina, wato doguwar riga da zane, ruwan toka, wanda nake zuwa ta'aziyya da shi, da mayafi baƙi, don kada in fita daban. Na kira motar haya ta waya. Wurin saman wani tsohon kanti ne da a da ake sayar da maganin gargajiya a ciki, har yanzu matakalar katakon na ƙamshin saiwoyi. Gwiwoyina suka yi ta zagina har na kai sama. Ba dandamali, ba labule. Benci ne aka kewaye fili da su, fanka na juyi a rufi, a tsakiya kuma an kafa wata kanta ta katako, an lulluɓe ta da farin ƙyalle.

Na samu wuri a layi na biyu kusa da wata mata, ba za ta kai ni shekaru ba. Fara ce sol, da hijabi ruwan zuma da ya sauko har gwiwar hannu, da ɗan carbin latsawa a yatsa. Ta matsa mini, ta miƙo alewar citta.

"Bismillah, Hajiya. Matakalar nan ba ta da imani."

"Wallahi kuwa. Ke ma an jawo ki kallon abin nan?"

"Yarona na ciki."

Na dubi mai gyara fitila, wani Bamalaye mai ƙasumba, na yanke cewa shi ne. Ganin 'yar uwa mai hijabi sai bakina ya saki. Ni da nake zagin Halijah.

"Ni jikata ce a ciki. Akwai wani Basine da ke sonta. Yaron kirki, ba laifi, ni ba ni da ƙabilanci ko kaɗan. Amma an ce ya ƙi musulunta, mutanensa sun hana. Kin san su, sun fi son alade da uwar da ta haife su."

Na faɗa ne don a yi dariya. Ba ta yi ba. Ta latsa carbinta, ta ce, "Haka aka ce?"

"Haka aka ce. Shi ya sa na zo in gani."

"To ki gani, Hajiya."

Aka rage fitila. Wata yarinya Ba'indiya ta shigo da ƙaramar ganga ta zauna a gefe. Na gane ta nan take: Thilaga, ƙawar Mastura tun firamare, wadda ta sha yin aikin makaranta a teburina. Sai ga Wen Kang cikin farar riga, ba takalmi. Sai Mastura, da ɗankwalinta daram a kanta, da riga har ƙasa. Na ce alhamdulillahi, ƙarya ta farko ta faɗi.

Suka fara zagaya juna. Shi ya miƙo hannu, ita ta miƙo, sai tafukan su tsaya saura ƙiris su haɗu, kamar akwai gilashi a tsakani. Ta juya ya bi ta, ya faɗi ta sunkuyo, amma ko gefen rigarta bai taɓa ba. Na sa ido kamar mai tsaron jarrabawa. Ban ga runguma ba. Abin da na gani ya fi runguma wuyar kallo: mutum biyu da duk jikinsu ke son haɗuwa, iska kaɗai ke shiga tsakaninsu. Ƙarya ta biyu, na ce, ina murmushi a cikin mayafi.

Gangar ta canja. Mastura ta ɗauki wani zane ta yafa, ta ranƙwafa, ta zama tsohuwa. Tana jan ƙafar hagu, tana tura tabarau da bayan hannu, tana ɗan gyaran murya kafin kowace magana. Mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na raɗa wa maƙwabciyata: "Ƙanwata ce wannan, wallahi ita ce sak."

Wen Kang ya zama baƙo, tsohuwar ta tarbe shi da fara'a, ta buɗe hannuwa kamar za ta haɗiye shi don murna. Ta janye farin ƙyallen. Kofuna ne a jere, farare masu bakin zinariya. A can ƙarshen kantar, shi kaɗai, da ɗan tazara tsakaninsa da sauran, wani kofi mai hoton zakara, kunnensa da ɗan tsagu.

Dariyar ta maƙale mini.

Kofina ne. Na gidana. Kwanakin baya na lura ba ya wurinsa, na ɗauka ya fashe an share.

Bari in gaya muku abin da yake, ko da yake duk wadda ta tashi a gida irin namu ta riga ta sani. Surukata ce ta ajiye shi tun ina amarya, ta ɗiga masa jan fenti a gindi don kada ya gauraya. Na mai yankan ciyawa ne, da mai kawo gas, da duk baƙon da ba Musulmi ba, wai bakin da ya taɓa alade kada ya taɓa kofin gida. Ni da bakina na sha cewa a ɗakin malamai wannan ba addini ba ne, al'ada ce kawai, na kawo hujjoji har aka yi mini laƙabi. Amma kofin bai taɓa barin kantar ba. Ban taɓa yanke shawarar ajiye shi ba, ban taɓa yanke shawarar zubar da shi ba. Yana nan dai.

Tsohuwar da ke fili ta kai hannu ga farin kofi. Ta waiwaya ta dubi fuskar baƙon. Murmushinta bai ragu ba, bakinta bai daina hira ba, amma hannun ya zame shi kaɗai a kan kantar, a hankali, har ƙarshe. Ta ɗauki mai zakara, ta kifa shi ta leƙa gindinsa, ta mayar daidai, ta zuba. Ta sake yi. Ta sake. Gangar na bin hannun: zamewa, kifawa, leƙawa, zubawa, har abin ya zama rawa, har ba wanda ke dariya.

Halijah ba ta jan ƙafar hagu. Halijah ba ta sa tabarau.

Wen Kang ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya cak, ya ce:

"Na cire takalmina a ƙofa, kamar kowa.
Na rusuna na gaida tsohuwa, kamar kowa.
Harshen da ta yi mini maraba da shi, da shi uwata ta yi mini reno.
Ta dubi idona.
Ta dubi gindin kofi."

Mastura ta yar da zanen, ta miƙe, ta koma kanta. Ta ce:

"A gidanmu ba a ce wa baƙo kai dabam ne.
Cewa ake zauna, cewa ake ƙara,
cewa ake gidan nan naka ne.
Hannu ke faɗin sauran."

Ban san yadda sauran wasan ya tafi ba. Na ga Thilaga ta ajiye ganga ta shigo, ta ɗauki kofin ita ma, ta durƙusa ta zama ƙaramar yarinya mai shan shayi tana kaɗa ƙafa. Na ga an yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Ina ta lallashin kaina: ba wanda ya san ni a nan, da an tashi in sulale.

Ashe ba a tashi haka. A ƙarshe suka fito da manyan farantai cike da kofuna iri-iri, da butar shayi, suka bi layi-layi. Thilaga ta ce kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya kai, ya zuba wa na kusa da shi. Mutane suka yi ta ɗauka suna dariya. Farantin ya iso gabana a hannun wani yaro ɗan ƙungiyar. Na ɗauki ɗaya.

Masu karatu, ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama. Bayan duk abin da na gani, da hawaye a idona, hannuna ya kifa kofin ya leƙa gindinsa.

Jan ɗigo ne a wurin. Daga baya na gane duk kofunan haka aka yi musu. Amma a duk ɗakin nan ni kaɗai na duba.

Na ɗago. Daga can tsakiyar fili Mastura na kallona, butar shayi a hannunta. Ta san wannan juyin wuyan hannun ko a cikin duhu.

Matar da ke kusa da ni ta karɓi buta, ta ce, "Miƙo, Hajiya." Ta zuba mini. Na sha, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Jama'a na watsewa Mastura ta iso. Ta kama hannuna ta sumbata kamar kullum, amma ba ta dube ni ba.

"Opah, wa ya kawo ki?"

"Ƙafata."

"Da kin gaya mini."

"Da kin ɓoye kofin?"

Wen Kang ya ƙaraso yana goge wuya da tawul. Ya rusuna mini, sannan ya juya ga maƙwabciyata ya sumbaci hannunta, ya yi mata magana da Sinanci. Ta amsa masa da Sinanci, ta gyara masa wuyan riga.

"Opah," ya ce, "ashe kun haɗu da mahaifiyata."

Da benci zai buɗe in shige, da na gode masa. Alewar cittarta na nan a kuncina ba ta gama narkewa ba.

"Mun haɗu," matar ta ce. "Har mun yi hirar alade."

"Hajiya," na ce, bakina na harɗewa, "ban sani ba... kin musulunta ne?"

"Ban musulunta ba, Malama. A ciki aka haife ni. Kakanninmu da sallarsu suka hau jirgin ruwa daga Yunnan ta ƙasar Sinawa. Sunana Ma Siew Lan, a takarda kuma Safiya. Wannan da kike gani Ilyas mahaifinsa ya raɗa masa. Shi ya fi son sunan da kakarsa ke kiransa da shi, ban hana shi ba."

Na juya ga Mastura. "Ke kuma me ya hana ki faɗa?"

"Na fara, Opah. Kika ce kin sani."

"Ranar da ka fita duba mota..." na ce wa yaron.

Ya sosa kunne. "Masallacin bakin layinku na je. Na ji nauyin in nemi darduma, kina tsakiyar labarin kuza."

"Kuma ka san ma'anar ɗigon?"

"Ban sani ba, Opah. Na ɗauka ado ne. Washegari a wurin bita nake ba da labari, na ce kakar Mastura ta ba ni kofi na musamman, mai zakara, ni kaɗai. Har ina alfahari."

"Ni na gaya masa," in ji Thilaga daga bayansu, tana naɗe igiyar ganga. Ta yi mini murmushin nan nata na tun tana ƙarama. "Na ce masa, barka da shigowa layinmu, kofina aka ara maka. Sannu, Opah. Kuih ɗinki har yanzu ba na biyunsa."

Ba ta faɗa da zafi ba. Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi ba ni kunya. A daidai lokacin da na ji yaron Musulmi ne, wani sanyi ya ratsa ƙirjina, na ji bakina na shirin cewa: to ai kuskure ne, da na sani da na ba shi farin kofi. Hajiya Siew Lan ta karanta fuskata kamar allo.

"Kada ki ce da kin sani, Malama."

Na haɗiye.

"Shi ya so mu zo," ta ci gaba, a hankali, kamar mai karanta sakamakon asibiti. "Ya roƙe ni har da fushi. Ya ce tsohuwa ce, ba da gangan ba ne. Na ce na yarda ba da gangan ba ne, shi ya sa na ji tsoro. Ni na ce a dakata. Na zauna na yi tunanin jikokina. Idan suka ɗauko idon ubansu, a wane kofi za su sha a gidan kakar uwarsu? Surukaina na can ɓangaren da ba Musulmi ba, idan sun zo biki fa? Su ma jinin ɗana ne."

"Mama," in ji Wen Kang.

"Bar ni in gama. A gidan ƙanwar mijina, wadda ba Musulma ba ce, akwai tukunya dabam, da faranti dabam, sabbi, an ajiye dominmu, don mu ci hankali kwance. Duk sanda na gan su sai in ji an girmama ni. Ban ce ware kaya laifi ba ne. Tambayata, don wa aka ware?"

Ni da na ƙarar da rayuwata ina yi wa yara tambaya, yau ni aka yi wa.

Mastura ta zauna a bencin gabana, ta juyo. Kwallin idonta ya zubo.

"Opah, ban yi don in tozarta ki ba. Ban faɗi sunanki ba. Na zo gida sau biyu in yi miki magana, na tsaya a ƙofar ɗakinki na kasa. Ke ce kika tsaya mini lokacin da kowa ya juya baya. Ta ina zan fara? Sai jikina ya faɗa."

"Ƙafar tawa har haka nake janta?"

Ta yi dariya cikin kuka. "Na ma rage."

"Marar kunya." Na goge mata ido da gefen mayafina. "Ki ba ni kofin in tafi da shi in fasa."

"Ba yanzu ba, Opah. Akwai sauran wasa. Kuma ba kofin ne ya zame a kan kanta ba."

Wannan ma na haɗiye.

Na miƙe da ƙyar, na fuskanci Hajiya Siew Lan. Ban iya dogon ban haƙuri ba, ban saba ba.

"Hajiya, abin da na faɗa kafin a fara, da abin da na yi wa ɗanki, ba ni da abin kare kaina. Kada ki hukunta yarinyar nan da hannuna. Ku zo."

Ta daɗe tana kallona. Ta latsa carbinta.

"Zan zo in sha shayi. Ni da ƙanwar mijina, mai tukunyar nan. Ita ba ta sallah. Ba zuwan tambaya ba ne, shayi ne kawai. Sauran sai na gani."

"Ƙofa a buɗe take."

"Ƙofar ban taɓa shakkarta ba," ta ce.

Wen Kang ne ya riƙe ni muka sauka matakala, mataki-mataki, yana cewa a hankali, Opah. Ya tsayar mini da mota, ya buɗe ƙofa, ya sa tafinsa a saman ƙofar don kada in bugi kaina. Na kasa ce masa komai sai "ka gaida gida", alhali gidan nasa na tsaye a bayansa.

A cikin mota na buɗe waya. Saƙonni sun taru. Wata ta ga na shiga wurin, labari ya riga ni isa. Na ƙarshe na Halijah ne: "Yaya, an ce kin je. To me kika gano? Gaskiya ne ko?"

Na fara rubuta abin da na shirya tun Talata, na wanke jikata da rufe bakin mutane. Duk gaskiya ne, kuma da na tsaya a nan da na fita da mutuncina. Na goge. Na gyara tabarau da bayan hannu, na kama kaina ina yi, na rubuta wannan na tura:

"Na je, na gani. Ɗankwalinta na kanta, kuma bai taɓa ta ba. Wen Kang Musulmi ne, ɗan Musulmi. Tsohuwar da suke kwaikwayo a wasan ni ce. Mahaifiyarsa ce ta dakatar da zuwan, saboda ranar da ya zo gaishe ni na ba shi shayi a kofi mai jan ɗigo."